Daɗewa a tsaye ba shaida ba ce: yadda ake auna ƙarfin tsofaffin hasumiyoyi kafin girgizar ƙasa

Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta taso daga tsaunukan Atlas na Maroko, ta hallaka mutane kusan 3,000. A birnin Marrakesh, mai nisan kilomita 70 da 'yan kai daga cibiyar girgizar, hasumiyar masallacin Kutubiyya ta yi ta rawa har ƙura na tashi daga jikinta. Tsawonta mita 77 ne, kuma tun ƙarni na 12 take wurin. Ta samu tsage-tsage, amma ba ta faɗi ba. Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a bakin babban dandalin Jami'ul Fana, hasumiyar ƙaramin masallacin Kharbush, wadda ko rabin tsawon Kutubiyya ba ta kai ba, ta rufto a kan motocin da ke ajiye a gindinta.

Duk wanda ya tsaya ya dubi hasumiyoyin nan biyu ana gobe abin zai faru, doguwar ce za ta fi ba shi tsoro. To akwai hanyar da za a san wadda za ta faɗi tun ƙasa ba ta motsa ba? Akwai, kuma shekara arba'in ke nan ana gyara ta, musamman a Italiya, ƙasar da Allah ya haɗa mata yawan tsofaffin hasumiyoyi da yawan girgiza. Sai dai hanyar ba ta ba da amsa ta e ko a'a irin wadda hukumomi ke so. Babban abin da ke hana a bi ta kuwa wata magana ce mai daɗin faɗa: ai ginin nan ya shekara ɗari takwas a tsaye, me zai same shi yanzu?

A garin Finale Emilia da ke arewacin Italiya akwai wata hasumiyar agogo ta jan bulo da aka gina a 1213, tsawonta ya ɗan haura mita 30. Tana nan aka yi girgizar da ta ragargaza birnin Ferrara na maƙwabta a 1570, ta tsallake. Da asubahin 20 ga Mayu 2012 girgiza mai ƙarfin kusan maki 6 ta raba ta biyu daga sama har ƙasa, gefe ɗaya ya zube, ɗayan ya tsaya ɗauke da rabin fuskar agogon. Kafin rana ta faɗi, wata girgizar da ta biyo baya ta ƙarasa abin da ya rage. Shekara 799 a tsaye, yini ɗaya ya gama da ita.

Dalili biyu ne suka sa tsufa ba ya zama hujja. Na farko, manyan girgizu ba sa zuwa a lissafin rayuwar ɗan Adam. Girgizar da injiniyoyi ke ɗauka a matsayin ma'auni idan za su gina gidan zama ita ce wadda ake sa ran dawowarta sau ɗaya a shekara 475, wato wadda yiwuwar aukuwarta cikin shekara 50 bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Hasumiya na iya yin ƙarni biyar ko shida ba ta haɗu da irin wannan a kusa da ita ba, sai ƙanana da na nesa. Yankin Finale Emilia kansa sai a 2003 aka sa shi cikin yankunan da doka ta tilasta a yi gini da la'akari da girgiza. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi: hasumiyar da ke tsaye yau ba ita ce wadda magina suka miƙa ba. Kowace girgiza tana barin tsaga, kowace damina tana wanke kwaɓin da ke tsakanin duwatsu, wani zamani ya zo an buɗe taga, wani ya ƙara hawa a sama, wani ya rataya ƙararrawa mai nauyin tan biyu. A Amatrice ta tsakiyar Italiya, hasumiyar gari ta ƙarni na 13 ta tsaya ƙyam a tsakiyar ɓaraguzai bayan girgizar 24 ga Agusta 2016, agogonta a tsaye kan ƙarfe 3:36, har hotonta ya zaga duniya. Wata biyu bayan haka, girgizar 30 ga Oktoba ta kakkaɓe samanta. Ta farko ta riga ta cinye ƙarfin, ta biyu ta tarar da saura.

Wani lokacin ma ba a bukatar girgiza. Da safiyar 17 ga Maris 1989 hasumiyar garin Pavia na arewacin Italiya, mai fiye da mita 70, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 11, ta zauna cikin 'yan daƙiƙu, ta kashe mutum huɗu. Ba iska, ba girgiza. Binciken da Luigia Binda da abokan aikinta na jami'ar fasaha ta Milan suka yi a kan gutsattsarin bangon ya nuna cewa gini da ke ɗauke da nauyi mai yawa na tsawon ƙarnoni yana gajiya a hankali. Ƙananan tsage-tsage masu miƙewa tsaye suna ta yaɗuwa a ciki, har ranar da nauyin da ya saba ɗauka ya fi ƙarfinsa. Faɗuwar Pavia ce ta tsorata hukumomin Italiya suka rufe karkatacciyar hasumiyar Pisa a Janairun 1990, ba a sake buɗe ta ba sai Disambar 2001.

Kafin a fahimci yadda ake awon, sai an san halin ginin dutse da tubali. Gwani ne wurin ɗaukar nauyin da ke danna shi ƙasa, rago ne idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Kwaɓin farar ƙasa da yashi da ke tsakanin duwatsu ba manne su yake yi sosai ba, shimfiɗa ce da ke raba nauyi daidai. Abin da ke riƙe da hasumiya nauyinta ne. Idan ƙasa ta fizgi gindinta gefe, ɓangare ɗaya na bangon yana son ɗagewa, nauyin duka ya koma kan ɗaya ɓangaren. In wannan ɓangaren yana da sauran ƙarfi, tsagar ta buɗe ta rufe, hasumiya ta dawo mazauninta. In kuwa da ma ya kusa ƙurewa, kamar na Pavia, ko kuma hasumiyar a karkace take, to ƙarin nan kaɗan ya isa ya murƙushe shi.

Ga kuma yaudarar ido. Bangon da ka ga kaurinsa ya kai mita biyu ko uku, galibi ba dutse ba ne zalla. Magina kan jera gyararren dutse ko bulo mai kyau ta waje da ta ciki, su cika tsakiya da tsakuwa da fasassun tubala da kwaɓi. Idan babu dogayen duwatsu da suka ratsa suka ɗaure fuskokin biyu, ko ruwa ya rarake cikin, to bango uku ne sirara jingine da juna, kuma girgiza na iya ɓare fuskar waje ta bar cikin yana zuba. Hasumiyar Pisa haka take: marmara a waje, ciko a tsakiya, ga matakala da ta ratsa cikin bangon ta rage masa kauri daidai gefen kudu inda karkatar ta tara nauyi. Shi ya sa a 1992, tun kafin a taɓa ƙasar da ke ƙarƙashinta, aka fara ɗaure wurin da igiyoyin ƙarfe.

Sai babban al'amari, wanda shi ke bayyana abin da ya sa gajere kan faɗi dogo ya tsira. Kowace hasumiya tana da saurin kaɗawarta na kanta, wato lokacin da take ɗauka ta je gefe ta dawo. Mai mita 20 zuwa 30 kan yi kai-kawo ɗaya cikin rabin daƙiƙa ko sama da haka kaɗan. Asinelli ta birnin Bologna, mai mita 97, tana ɗaukar kimanin daƙiƙa uku. Kowa ya san lilo: yaro ƙarami na iya kai babban mutum sama idan yana tura shi daidai lokacin da lilon ya dawo, amma ƙato ya yi ta tura shi barkatai ba zai tashi ba. Girgizar ƙasa ma tana da nata takun. Wadda ta faru kusa, a kan ƙasa mai dutse, tana zuwa da sauri-sauri, sai ta dace da gajerun gine-gine masu tauri. Wadda ta taso daga nesa, ko ta ratso ƙasa mai laushi irin ta fadama da bakin kogi, tana zuwa da jan numfashi, ta dace da dogaye. Saboda haka tambayar ko hasumiya kaza za ta jure maki shida ba ta da ma'ana sai an ce maki shida daga ina, a zurfin nawa, ta wace irin ƙasa.

Pisa ta ba da misali mai ban mamaki. Hasumiyar ta kai mita 56, an fara ta a 1173, kuma karkatarta ta taɓa kai digiri biyar da rabi kafin a yi dabarar zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen arewa, aka dawo da ita wajen digiri huɗu. Aƙalla manyan girgizu huɗu sun taɓa yankin tun 1280, ba ta faɗi ba. A 2018 wata tawagar masu bincike da ta haɗa da Camillo Nuti na Roma da George Mylonakis na Bristol ta nuna dalili: ƙasar nan mai laushi da ta sa ta karkata ita ce ta ja saurin kaɗawarta ya kai kusan daƙiƙa ɗaya, alhali da a kan dutse take da bai kai rabin haka ba. Wannan jinkirin ya fitar da ita daga takun girgizun yankin. Wanda ya lissafa ƙarfin hasumiyar Pisa ya manta da ƙasar da ke ƙarƙashinta, lissafinsa na wata hasumiya ce daban.

Tsira daga wannan haɗarin bai kare saman hasumiya ba. Ko da gindi bai ji komai ba, motsin yana ƙaruwa yayin da yake hawa, can ƙoli kuma yana fizga da ƙarfi. A can ne kuma gini ya fi rauni: ɗakin ƙararrawa na majami'u da manyan tagoginsa da siraran ginshiƙai, ko abin da ke saman barandar ladan a hasumiyar masallaci. Tarihi ya maimaita wannan har ya zama karatu. Girgizar 1303 ta zubar da kawunan hasumiyoyi a Alƙahira, ciki har da na masallacin Hakim, waɗanda aka sake ginawa bayanta. Ta 1803 ta jefo ƙubbar saman hasumiyar Kutub Minar a Delhi ta Indiya. Ta 29 ga Mayu 2012 ta karya kan hasumiyar majami'ar Santa Barbara a Mantova ta Italiya. A Turkiyya, bayan girgizun Kocaeli da Duzce na 1999, masu bincike sun tarar da siraran hasumiyoyi suna karyewa a wurare biyu da aka sani: inda gindi mai faɗi ya tsuke ya koma siririn jiki, da kuma wajen barandar. Hasumiyar da ke manne da masallaci ko majami'a tana da tata matsalar: ƙasanta a riƙe, samanta a sake, sai tsaga ta fito daidai inda rufin ginin ya ƙare, wani lokaci ma su biyun su riƙa karo da juna.

Idan aka dawo Kutubiyya da wannan ido, abubuwa sukan fara bayyana. Faɗin kowane gefenta ya kusa mita 13, don haka duk da tsawonta ba siririya ba ce. Cikinta kuma akwai wata hasumiyar, ɗakuna shida ɗaya kan ɗaya, ga hanyar hawa mai gangara tana zagaye su tana haɗa cikin da wajen. An kuma yi mata babban gyara a shekarun 1990. Masallacin Tinmel kuwa, wanda daular Muwahhidun ɗin nan da ta gina Kutubiyya ta gina a ƙarnin guda, yana can cikin tsaunuka dab da cibiyar girgizar, kuma akasarinsa ya rushe har da hasumiyarsa.

Aikin awon kansa ba da na'ura yake farawa ba. Da takardu yake farawa. Ana bin kundin majami'a, da rasitan gyare-gyare, da tsofaffin zane-zane da hotuna, a gano yaushe aka ƙara hawa, yaushe aradu ta faɗa mata, wace girgiza ta taɓa ta, ina aka toshe ƙofa. Italiya tana da kundin girgizun ƙasarta da ya koma har shekara ta 1000, an tattaro shi daga rubuce-rubucen limaman majami'u da magatakardan garuruwa. A ganina wannan matakin ne aka fi rainawa, alhali shi ya fi arha kuma shi ya fi gaya wa injiniya inda zai duba. Wurin da ya taɓa tsagewa aka yaɓe shi, nan zai sake tsagewa.

Daga nan sai siffa. Na'urar lesa da jirgi maras matuƙi suna ɗauko surar hasumiyar har zuwa santimita, a ga karkata da kumburin bango da ido ba ya kamawa, a zana taswirar kowace tsaga. Sai leƙa cikin bango ba tare da an fasa shi ba, domin ginin tarihi ba a yarda a farfasa shi don gwaji. Ana buga guduma a gefe ɗaya a auna lokacin da bugun ya isa ɗaya gefen: in ya yi sauri bangon a cike yake, in ya yi jinkiri akwai rami. Na'urar rada, mai hango cikin bango, tana nuna ɓoyayyen ƙarfe da kogo. Kyamara mai ganin zafi tana nuna danshi da tsohuwar taga da aka toshe a ƙarƙashin yaɓe. Ana huda rami siriri a zura kyamara. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ke faɗin nauyin da bango ke ɗauke da shi a wannan lokacin. Ana kafa alamomi sama da ƙasan wani layin kwaɓi, a auna tazararsu, sai a yanke layin da zarto. Nauyin da ke sama zai sa alamomin su matso kusa. Sai a zura wata jakar ƙarfe fale-fale cikin yankan, a riƙa tura mata mai har alamomin su koma tazararsu ta farko. Matsin man a wannan lokacin shi ke nuna nauyin da wurin ke ɗauke da shi. Da an yi wa Pavia wannan, da an ga yadda ta kusa ƙurewa.

Saurin kaɗawa kuwa ba sai an jira girgiza ake auna shi ba. Hasumiya kullum cikin motsi take, motsin da jiki ba ya ji, daga iska da motocin titi. Ana liƙa na'urorin jin motsi a hawa daban-daban na 'yan sa'o'i, a fitar da saurin kaɗawarta da yadda take lanƙwasa da murɗawa. In aka bar na'urorin shekara da shekaru, amfaninsu ya ninka. Sai dai akwai tarko: zafi da sanyi suna canza lambobin. Da rana ta yi zafi duwatsu kan kumbura su rufe ƙananan tsage-tsage, hasumiya ta ƙara tauri, da sanyi ya sauko ta saki. Sai an shekara ana saurare kafin a iya raba canjin yanayi da canjin lalacewa. Masu bincike na jami'ar Perugia sun riga sun sa irin waɗannan na'urori a hasumiyar majami'ar San Pietro, mai kimanin mita 60, kafin girgizun tsakiyar Italiya na 2016. Bayan girgizun sun ga kaɗawarta ta ɗan ƙara jinkiri kuma ba ta koma yadda take ba, shaidar cewa wani abu ya saki a ciki, tun ido bai ga wata babbar ɓarna ba.

Bayan an tara wannan duka ake zuwa lissafi. Ƙa'idojin da gwamnatin Italiya ta fitar a 2011 don gine-ginen tarihi sun kasa shi mataki uku. A na farko ana ɗaukar hasumiya a matsayin sanda da aka kafe a ƙasa, a duba ƙarfinta a hawa daban-daban da lissafi mai sauƙi. Wannan ba don yanke hukunci kan hasumiya ɗaya ba ne, don jera ɗaruruwa ne a ga wadda za a fara kai wa kuɗi. A na biyu ana duba ɓangarorin da za su iya ɓallewa su kife: kusurwa, ɗakin ƙararrawa, bangon da tsaga ta riga ta ware. Tushen wannan tunanin ya koma ga injiniyan Amurka George Housner, wanda a 1963, bayan ya lura dogayen tankunan ruwa sun tsira a girgizar Chile ta 1960 alhali gine-gine masu kamar ƙarfi sun rushe, ya nuna cewa abu mai tangaɗi a kan gindinsa ba lallai ya kife ba, kuma babba ya fi ƙarami mai siffa iri ɗaya wuyar kifewa. A mataki na uku ake gina hasumiyar dukanta a kwamfuta, a daidaita ta har kaɗawarta ta yi daidai da wadda aka auna, sannan a girgiza ta da bayanan girgizu na gaske.

Abin da na fi yabawa a ƙa'idojin nan shi ne sun sa wa jahilci farashi. Akwai wata lamba tsakanin 1 da 1.35 da ake raba ƙarfin ginin da ita. In ka san siffarsa, da tarihinsa, da kayan da aka yi shi da su, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, lambar ta kusanci 1. In ba ka bincika ba, ta hau 1.35, wato an zabge kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ka lissafa. Wannan gaskiya ce da hotunan kwamfuta masu launin ja da shuɗi ke ɓoyewa. Kwamfuta za ta karɓi duk lambar da aka ba ta game da ƙarfin cikon tsakiyar bango, ko da babu wanda ya taɓa leƙa cikin, ta fitar da amsa mai ɗigo uku bayan lamba. Ƙwararru biyu na iya ɗaukar hasumiya ɗaya su fito da amsoshi masu tazara, ba don ɗaya bai iya ba, sai don kowa ya cike gurbin abin da ba a auna ba da nasa zato. Rahoton da ya cancanci a amince da shi shi ne wanda ya rubuta ƙarara abin da aka auna, da abin da aka ƙiyasta, da yadda amsar za ta canza in ƙiyasin ya kuskure.

Gyara ma yana da nasa haɗarin. A Italiya, bayan girgizun yankunan Friuli a 1976 da Irpinia a 1980, an yi ta cire rufin katako daga tsofaffin gine-gine ana zuba kankare da rodi, da niyyar ɗaure bangaye. Girgizar Umbria da Marche ta 1997 ta nuna sakamakon a wurare da dama: rufi mai nauyi da tauri a kan bango mai rauni, rufin ya sauko lafiya ƙalau, bangon ya niƙe a ƙarƙashinsa. Siminti kuma yana kulle danshi a cikin bangon da aka yi shi don ya riƙa shan iska. Shi ya sa yanzu aka koma ga abubuwa marasa nauyi waɗanda za a iya cirewa: sandunan ƙarfe da ke ɗaure bango da bango, ɗamarar ƙarfe a kewaye, tura ruwan farar ƙasa cikin ramukan bango, sake jera duwatsun da suka saki. Yawancinsu ba sabbi ba ne. Maginan daular Usmaniyya suna haɗa duwatsun hasumiya da maƙalan ƙarfe, su narka dalma su zuba a kai, don kada tsatsa ta kumbura ƙarfen ta fasa dutsen, don kuma mahaɗar ta iya ɗan motsi ba ta karye ba. Dokar Italiya ma ba ta ce sai tsohuwar hasumiya ta kai matsayin sabon gini ba, domin kai ta can na iya nufin mayar da ita kankare mai rigar dutse. Ta ce a ƙara mata aminci, a kuma rubuta iya inda aka kai. Ina ganin wannan daidai ne, da sharaɗi ɗaya: a gaya wa mutanen da ke zaune a inuwarta.

Domin awon ba ya cika sai an dubi wanda ke ƙasa. A garin Accumoli, kusa da Amatrice, a daren 24 ga Agusta 2016, hasumiyar majami'a ta faɗa kan wani gida ta kashe iyali guda, mata da miji da 'ya'yansu biyu. A Kathmandu ta Nefal, hasumiyar Dharahara mai kusan mita 62, wadda girgizar 1934 ta taɓa rushewa aka sake ginawa, an buɗe ta ga masu yawon buɗe ido. Girgizar 25 ga Afrilu 2015 ta zo ranar Asabar da tsakar rana, ranar hutu, matakalarta cike da mutane, kuma da yawansu ba su fito ba. Hasumiya mai rauni a tsakiyar gona da mai irin wannan raunin a bakin kasuwa ba matsayinsu ɗaya ba.

Ƙasar Hausa ba ta kan bakin manyan tsagogin ƙasa, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba shi ne damuwarsu ba. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018, amma ƙanana ne. Accra, inda zangon Hausawa ya daɗe, ita ce ta ga mai ƙarfi a 1939. Abin da ke cin tsofaffin gine-ginenmu ruwa ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Meknes ta Maroko, ranar 19 ga Fabrairu 2010, bayan kwanaki ana ruwa, hasumiyar wani tsohon masallaci ta rufto kan masallata ana sallar Juma'a, mutum 41 suka rasu. A Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19. Hasumiyar Agadas mai mita 27, wadda asalinta ya koma 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, da Gobarau ta Katsina, na ƙasa ne, halinsu ya bambanta da na dutse, amma rabin farko na aikin da na bayyana ya shafe su kai tsaye: tattara abin da magina da dattawan unguwa suka sani game da kowane yaɓe da kowane gyara, auna karkata, duba inda ruwa ke kwanciya a gindi da halin itatuwan da ke cikin bango, sa alama a kan tsaga a rubuta kwanan wata a dawo bayan damina a ga ko ta ƙara buɗewa.

Mataki na ƙarshe ba na injiniya ba ne, na mai ikon rufe ƙofa ne. Lokacin da wani ɓangare na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar ranar 11 ga Agusta 2023, aƙalla mutum bakwai suka rasu, Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an lura da tsaga a bangon ana gobe abin zai faru, ana shirin kawo injiniyoyi. Hana mutane shiga wurin ibada ko dandalin gari saboda tsaga hukunci ne mai nauyi, kuma wanda ya yanke shi zai sha surutu in ginin bai faɗi ba. Hukumar birnin Bologna ta yanke irinsa a Oktobar 2023, da na'urori suka nuna motsin da ba a saba gani ba a Garisenda, hasumiya mai mita 48 da ta karkata digiri huɗu: ta rufe titunan da ke kewaye, ta kafa katangar kariya, duk da cewa nan ne tsakiyar birnin. A Venice ma, a Yulin 1902, tsaga ta bayyana a hasumiyar San Marko mai mita 98, aka ga tana ƙara buɗewa kullum. Da safiyar 14 ga wata aka fitar da mutane daga dandalin. Jim kaɗan hasumiyar ta zube gaba ɗaya, kuma ba a rasa ran mutum ko ɗaya ba.